Hanji da Jijiyoyi Masu Cin Gashin Kansu: Tarihin Wata Muhawara a Sana'ar Likitanci

Ciwon kumburi da gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira olsaratif kolaitis, cuta ce mai daɗewa wadda take farawa daga ƙarshen hanji kusa da dubura, ta riƙa hawa sama ba tare da tsallake wani wuri ba, tana cin fatar da ta lulluɓe cikin hanjin har ta yi ja, ta kumbura, ta soma tsattsafar da jini. Mai fama da ita yakan yi gudawa mai jini da majina, da murɗar ciki, da matsuwar bahaya wadda ba ta jira, sannan cutar takan lafa na watanni ko shekaru kafin ta sake tasowa. Wannan hali na lafawa da tasowa ne ya sa likitoci, tun farkon sanin cutar, suka riƙa neman abin da ke tada ta, kuma amsar da ta fi daɗewa tana kai da komo a tarihin sana'arsu ita ce wadda ta danganta lamarin da jijiyoyin da ke tafiyar da kayan ciki. An karɓi wannan amsa hannu bibbiyu a wani zamani, an yi watsi da ita a wani, daga baya kuma aka dawo gare ta da sababbin ma'aunai, kuma kowane juyi ya bar sawunsa a kan yadda ake kallon majiyyaci da yadda ake yi masa magani.

Rarrabe cutar daga atini

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, duk gudawa mai jini suna ɗaya likitocin Turai ke ba ta, wato atini. A shekarar 1859 ne Samuel Wilks, likita a Asibitin Guy's da ke Landan, ya bayyana abin da ya gani a hanjin wata mata mai suna Isabella Bankes, wadda ta rasu bayan doguwar gudawa, aka kuma gurfanar da likita Thomas Smethurst a kotu bisa zargin ba ta guba. Wilks ya tarar da kumburi da gyambo waɗanda ya ga sun bambanta da atinin da aka saba gani, kuma a 1875 shi da Walter Moxon suka sake bayyana irin wannan ciwo a cikin laccocinsu da aka buga. A wannan shekarar ce Fedor Lösch ya wallafa bayanin ƙwayar amibar da ya gani a bahayar wani majiyyaci a birnin St. Petersburg na Rasha, sannan a 1898 Kiyoshi Shiga na Japan ya wallafa bayanin ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ɗaya nau'in atinin. Da aka san waɗannan ƙwayoyi biyu, sai aka ga akwai ragowar majiyyata masu gudawar jini waɗanda ba a samun ko ɗaya a jikinsu, kuma a taron da aka yi a Landan a 1909 an tattara bayanan mutane fiye da 300 daga asibitocin birnin. Cutar ta sami suna da siffa, amma ba ta da ƙwayar da za a nuna da yatsa, kuma wannan giɓi ne ya buɗe ƙofar neman dalili a wani wurin.

Yadda aka gano jijiyoyin

Kalmar jijiya a Hausa takan ɗauki hanyar jini, takan kuma ɗauki zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kuma ma'ana ta biyun ce ake nufi a nan. Daga cikin jijiyoyin saƙo akwai waɗanda mutum ke sarrafawa da nufinsa, kamar masu ɗaga hannu, akwai kuma waɗanda ke aiki ko yana barci ko yana farke, suna daidaita bugun zuciya, da faɗin hanyoyin jini, da zufa, da motsin hanji. Masanin ƙirar jiki Jacob Winslow, wanda ya yi aiki a Faris, ya ba wani sashe nasu suna a 1732 bisa tsohon tunanin cewa su ne ke sa wata gaɓa ta taya wata jin ciwo, kuma daga nan ne sunan simfatetik ya samo asali. A 1845 'yan'uwa biyu Jamusawa, Ernst da Eduard Weber, suka nuna cewa idan aka tsokani jijiyar bagus da lantarki zuciya takan rage gudu, abin da ya tabbatar da cewa jijiya tana iya tsayarwa kamar yadda take iya zaburarwa. Bagus doguwar jijiya ce da ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya da ƙirji ta sauka cikin ciki, kuma sunanta daga kalmar Latin yake mai ma'anar mai yawo.

A cikin bangon hanjin kansa an tarar da wata raga ta jijiyoyi, wadda Georg Meissner ya bayyana wani ɓangarenta a 1857, Leopold Auerbach ya bayyana ɗayan a 1862. A 1899 William Bayliss da Ernest Starling suka nuna a Landan cewa hanjin kare yana ci gaba da tura abinci gaba ko da an yanke duk jijiyoyin da ke haɗa shi da ƙwaƙwalwa da laka, domin ragar da ke cikin bangonsa tana iya tsara motsin da kanta. John Newport Langley na Jami'ar Cambridge ne ya tattara waɗannan bayanai wuri guda, inda a 1898 ya kira tsarin da sunan da ke nufin mai cin gashin kansa, kuma a littafinsa na 1921 ya kasa shi gida uku. Na farko shi ne simfatetik, reshen zaburarwa, wanda ke ɗaga bugun zuciya ya rage aikin narkar da abinci a lokacin haɗari. Na biyu farasimfatetik, reshen kwantarwa, wanda bagus ce babbar jijiyarsa. Na uku kuma ragar hanji, wadda a yau aka san tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100.

A shekarar 1921 ɗin Otto Loewi ya yi wani gwaji a birnin Graz na Austiriya wanda ya fayyace yadda jijiya ke magana da gaɓa. Ya ɗauki zukatan kwaɗi guda biyu masu bugawa a cikin ruwan gishiri, ya tsokani jijiyar bagus ta farkon har ta rage gudu, sannan ya ɗebi ruwan da ke cikinta ya zuba wa ta biyun, sai ita ma ta rage gudu alhali ba a taɓa jijiyarta ba. Sinadarin da ke cikin ruwan shi ne asetilkolin, wanda Henry Dale ya riga ya yi nazari a kansa, kuma su biyun suka raba kyautar Nobel a 1936. A Harvard kuma, Walter Cannon ya riƙa ciyar da kyanwoyi abinci mai gauraye da bismut yana kallon cikinsu da hoton eksire, ya ga cewa da zarar kyanwa ta fusata ko ta tsorata motsin tumbi da hanji yakan tsaya cak, kuma ya tattara wannan a littafinsa na 1915. Bahaushe da ke cewa hantar cikin wane ta kaɗa, ko cikinsa ya ɗuri ruwa, ya daɗe da sanin cewa tsoro yana sauka a ciki. Abin da Cannon ya ƙara shi ne nuna hanyar da yake bi.

Zamanin ɗora laifi a kan hali

Da aka haɗa cuta marar ƙwaya da jijiyoyin da ke amsa tsoro da fushi, sai wani bayani mai sauƙin karɓa ya fito. A 1930 Cecil Murray ya wallafa nazarin da ya yi a New York, inda ya danganta farawar gudawar jini da rikicin zuci a rayuwar majiyyatansa, kuma Albert Sullivan na Yale ya bi sahunsa a shekarun da suka biyo baya. A 1950 Franz Alexander na Shikago ya sanya cutar cikin jerin cututtuka bakwai da ya ce damuwar rai ce tushensu, tare da gyambon ciki, da asma, da hawan jini, da amosanin gaɓoɓi, da wani ciwon fata mai ƙaiƙayi, da wuce gona da irin aikin ƙullutun maƙogwaro. A ganinsa, sha'awar da mutum ya danne takan fita ta reshen farasimfatetik ta addabi hanji har ya yi gyambo. George Engel na Rochester ya ƙara da siffanta halin mai cutar a 1955, a matsayin mutum mai yawan tsantseni da son tsari, mai saurin jin haushi a ɓoye, mai dogaro ƙwarai da mahaifiyarsa.

Wannan ra'ayi yana da gwaje-gwajen da suka yi kama da hujja. Thomas Almy na Cornell ya taɓa leƙa ƙarshen hanjin wani ɗalibin likitanci mai ƙoshin lafiya da bututun dubawa, ana cikin haka aka sa ɗalibin ya ji kamar an ga alamar ciwon daji, nan take fatar hanjin ta cika da jini ta yi ja, bangonsa ya riƙa matsewa da ƙarfi, kuma da aka gaya masa gaskiya sai komai ya koma yadda yake. A 1951 William Grace da Stewart Wolf da Harold Wolff suka wallafa abin da suka gani a hanjin majiyyatan da wani sashe na babban hanjinsu ke bayyane ta bangon ciki, inda launi da motsi suka riƙa sauyawa da sauyin yanayin rai. Abin da waɗannan gwaje-gwaje suka tabbatar shi ne cewa hanji yana amsa motsin zuciya, amma an miƙa sakamakon ya wuce inda ya tsaya, aka ce motsin zuciya ne ke haifar da cutar.

Majiyyata ne suka ɗauki nauyin wannan kuskure. An tura da yawa wurin likitocin ƙwaƙwalwa na tsawon shekaru alhali jininsu na zuba, iyaye mata kuma suka koma gida da zargin cewa tarbiyyarsu ce ta cuci 'ya'yansu. A ƙarshen shekarun 1940 likitan fiɗa Clarence Dennis da abokan aikinsa a Minnesota sun gwada yanke jijiyar bagus domin rage abin da aka ɗauka yawan zaburar da hanji ne, amma aikin bai ba da sakamakon da zai sa ya ɗore ba, kuma a shekarun 1950 har an yi wa wasu tsirarun majiyyata fiɗar gaban ƙwaƙwalwa saboda ciwon hanji. Akwai kuma aibi a tushen binciken kansa, domin ana tantance halin mutum ne bayan ya shafe shekaru yana zagayawa sau goma a yini, yana tsoron yin nisa da makewayi, kuma duk wanda ya rayu haka dole ya zama mai tsantseni da dogaro da na kusa da shi. An ɗauki abin da cutar ta haifar aka mai da shi mahaifinta.

Magani ya sauya tunani

Abin da ya raunana wannan ra'ayi ya fito ne daga ɗakin magani. Nanna Svartz ta Cibiyar Karolinska a Swidin ta haɗa maganin salfasalazin domin amosanin gaɓoɓi, ta kuma bayar da rahoto a 1942 cewa yana taimaka wa masu ciwon hanji. A 1955 Sidney Truelove da Leslie Witts na Oxford suka wallafa gwajin da aka yi wa majiyyata 210, inda aka ba kusan rabi kotizon, sauran kuma ƙwayar da ba magani a cikinta, sai cutar ta lafa a wajen kashi 41 cikin ɗari na rukunin farko, a kan kashi 16 na rukuni na biyu. Tun da kotizon aikinsa danne kumburi ne, hankali ya karkata ga garkuwar jiki, wato rundunar ƙwayoyin halitta da sinadaran da ke yaƙar cuta, kuma a 1959 Ove Broberger da Peter Perlmann suka samu a jinin yara masu cutar wasu sinadaran garkuwa da ke kama naman hanjinsu. Fiɗa ma ta inganta, daga hanyar fitar da ƙaramin hanji ta bangon ciki da Bryan Brooke ya gyara a 1952 zuwa jakar da Alan Parks da John Nicholls suka ɗinka daga ƙaramin hanji a 1978.

Jerin Alexander ya daɗa rushewa lokacin da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa bakteriya ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki. A 1990 Carol North da abokan aikinta a St. Louis suka bi diddigin nazarce-nazarce 138 da aka yi kan dangantakar ciwon babban hanji da taɓuwar rai, suka tarar mafi yawansu suna da manyan kurakurai na tsari, guda bakwai ɗin da suka tsira kuma ba su nuna wata dangantaka ba. Daga nan maganar jijiyoyi ta zama abin da likitan hanji ke kauce wa, domin ta yi kama da komawa ga zargin majiyyaci.

Dawowa da ma'auni

Abin da ya dawo da batun shi ne samun hanyar auna aikin jijiyoyin ba tare da tambayar mutum halinsa ba. David Ewing da abokan aikinsa a Edinburgh sun tsara wasu gwaje-gwaje a shekarun 1970 da 1980 domin masu ciwon sukari, waɗanda za a iya yi a gefen gado. Majiyyaci yakan kwanta an manna masa wayoyin na'urar auna bugun zuciya, a ce ya ja numfashi mai zurfi sau shida a minti ɗaya, daƙiƙa biyar yana shaƙa, biyar yana fitarwa. A jikin mai lafiya zuciya takan ɗan ƙara gudu da shaƙa ta rage da fitarwa, kuma wannan hawa da sauka aikin bagus ne. Sai a ce ya miƙe tsaye, a duba yadda bugun da ƙarfin jini suka daidaita, sannan ya damƙe wani abu da hannu na 'yan mintuna domin a ga amsar reshen zaburarwa. A 1996 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka suka fitar da ƙa'idojin auna bambancin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, wanda raguwarsa ke nuna raunin reshen kwantarwa ko rinjayen na zaburarwa.

Da irin waɗannan gwaje-gwaje ne Stefan Lindgren da abokan aikinsa a Malmö ta Swidin suka bayar da rahoto a 1993 cewa akwai raunin aikin bagus a wani kaso na masu ciwon babban hanji, kuma nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun fi karkata ga cewa ma'aunin yakan rinjaya wajen reshen zaburarwa, musamman lokacin da cutar ta taso. Fassarar wannan tana buƙatar taka-tsantsan, domin ƙarancin jini, da zazzaɓi, da bushewar ruwan jiki, da zogi, duk suna ɗaga bugun zuciya, kuma dukansu suna tare da mai gudawar jini. A 2000 Susan Levenstein ta wallafa sakamakon bin majiyyata 62 a Rum tun cutarsu na kwance, inda aka ga damuwa mai daɗewa tana ƙara haɗarin tasowarta. Tambayar ta sauya daga abin da ke haifar da cuta zuwa abin da ke hura wutarta ko ya yayyafa mata ruwa.

A wannan shekara ta 2000 ce ɗakin binciken Kevin Tracey a New York ya nuna cewa tsokanar bagus da lantarki a jikin ɓeraye tana rage sinadarin TNF, ɗaya daga cikin manyan masu rura kumburi, wanda maganin infliximab ke toshewa, maganin da aka amince da shi domin wannan cuta a Amurka a 2005. A 2003 suka gano cewa asetilkolin, sinadarin nan na zukatan kwaɗin Loewi, yana sauka ne a kan wata makama da ke jikin ƙwayoyin garkuwa ya hana su sakin TNF, kuma daga baya aka ga cewa saƙon yakan bi ta saifa. Tun da kusan kashi 80 cikin ɗari na zarurrukan bagus saƙo suke ɗauka daga ciki zuwa ƙwaƙwalwa, tsarin ya zama da'ira: jijiya ta ji kumburi, ta kai labari, ƙwaƙwalwa ta aiko da umarnin sassautawa. A 2006 Jean-Eric Ghia da Stephen Collins a Jami'ar McMaster ta Kanada suka nuna cewa yanke bagus yana tsananta kumburin hanjin ɓera, wato jijiyar da aka riƙa yankewa a shekarun 1940 tana cikin masu kare hanjin.

Makamar da asetilkolin ke sauka a kanta irin wadda nikotin na cikin taba ke kamawa ce, kuma wannan ya tuna wa masana abin da John Rhodes da abokan aikinsa suka gani a Cardiff a 1982, cewa cutar ta fi yawa a tsakanin waɗanda ba sa shan taba da waɗanda suka daina. Gwajin 1994 da aka yi da filastar nikotin ya nuna ɗan sauƙi tare da jiri da tashin zuciya, bai kuma zama magani na yau da kullum ba, ita kuwa taba illarta ga huhu da zuciya ta fi ƙarfin duk wani amfani, ga shi tana tsananta ciwon Crohn, ɗan'uwan wannan cuta. A 2016 Bruno Bonaz na Grenoble ta Faransa ya dasa na'urar tsokanar bagus a wuyan majiyyata bakwai masu ciwon Crohn, biyar suka sami lafawa cikin wata shida. Sai dai ƙirar jiki ta gindaya wani sharaɗi ga ciwon babban hanji, domin zarurrukan bagus suna tsayawa ne a wajen tsakiyar babban hanji, ƙarshensa kuwa, inda cutar take farawa, jijiyoyin da ke fitowa daga ƙasan laka a ƙugu ne ke kula da shi, shi ya sa wasu masu bincike suka mai da hankali can. A 2023 ɗakin binciken Christoph Thaiss a Jami'ar Pennsylvania ya nuna a jikin ɓeraye cewa sinadaran damuwa masu daɗewa a jini suna sauya ƙwayoyin da ke tallafa wa ragar jijiyoyin hanji har su ƙara kumburi, abin da ya dawo da gida na uku na Langley, wato ragar hanji, tsakiyar fage.

Matsayin da aka cimma shi ne cewa cutar ta garkuwar jiki ce, mai alaƙa da gado da ƙwayoyin da ke zaune a hanji da muhalli, jijiyoyi masu cin gashin kansu kuma suna cikin masu ƙara ta ko rage ta, kamar yadda ita ma take jirkita aikinsu. Wannan yana da amfani har a ƙasashen da atinin amiba da na bakteriya suka fi yawa, irin su Nijeriya da Nijar, inda gudawar jinin da ta ƙi jin magani take buƙatar a leƙa hanji da na'ura a yanki tsoka a duba, kafin a jingina ta ga basir ko yawan tunani. A ma'aunin tsananin cutar da Truelove da Witts suka tsara a 1955, wanda asibitoci ke amfani da shi har yau, bugun zuciya fiye da 90 a minti ɗaya tare da bahaya mai jini sau shida ko fiye a yini yana cikin alamun da ke sa a kwantar da majiyyaci cikin gaggawa. Likitan da ya ɗora yatsunsa a wuyan hannun majiyyaci yana ƙirga wannan bugu, aikin jijiyoyin nan yake karantawa, kuma shekarun da aka ɓata ana binciken halin mutane sun koya wa sana'ar cewa ta karanta shi a matsayin labarin da jiki ke bayarwa game da ciwonsa.